Gwagwarmayar matan Arewa bayan Gambo Sawaba: ta mutu ne, ko salo ta sauya?

Bazazzagiya_Tudunwada:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata magana da ta daɗe tana damuna, kuma ina so in ji ra'ayin manya da ƙanana a wannan zaure. Duk lokacin da aka ambaci gwagwarmayar mata a Arewa, sunan da yake fara fitowa daga bakin kowa shi ne na Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta shiga jam'iyyar NEPU tana da shekara 17, aka ɗaure ta har sau 16 saboda ta ƙi yin shiru a kan auren wuri, da aikin tilas, da haraji mai nauyi, da hana mata jefa ƙuri'a. Ta rasu a shekarar 2001, an sa sunanta a babban asibiti a Zariya, amma ni a ganina tun daga nan ba mu sake samun wata tafiya ta mata da take tsayawa gaban hukuma ta ce ba ta yarda ba. Abin da ya rage mana shi ne muƙamin shugabar mata a jam'iyya, da rabon atamfa, da guɗa a wurin gangami. Mu ne muke cika layi ranar zaɓe tun da asuba, amma da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, litar mai ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ban ji wata ƙungiyar matan Arewa ta fito da murya ɗaya ba, alhali mace ce take fara sanin tukunya ta ragu. Shin gwagwarmayar ta mutu ne, ko tana nan a inda idona bai kai ba?

Malam_Inuwa_Fagge:
Wa alaikumus salam. 'Yata, tambayarki tana da nauyi, kuma ni da na yi jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano tun ina matashi ina so in ƙara wani abu a kan tarihin da kika kawo. Mutane suna ba da labarin Hajiya Gambo kamar ita kaɗai ta tashi ta tunkari En'e, wato hukumar sarakuna ta wancan zamani, alhali tana da jam'iyya a bayanta. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, kuma tun daga farko manufarta a fili take: talaka ya sami 'yanci daga zaluncin masu mulki. Saboda haka mace da ta shiga ciki ta san abin da take yaƙi a kansa, ta san in an kama ta akwai masu bin sawunta zuwa kotun alƙali, akwai masu kai mata abinci gidan yari, akwai masu kula da gidanta. Da aka fara kama Hajiya Gambo a Kano a 1952, laifin da aka ɗora mata shi ne tana shiga gidaje tana fito da matan kulle zuwa harkar siyasa, aka ɗaure ta wata uku, da ta fito kuma ta koma kan aikinta domin akwai inda za ta koma.

Wannan aƙidar ce ta sa gwamnatocin PRP a Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali bayan zaɓen 1979, ita ce kuma ta sa Malam Aminu Kano ya ɗauki mace, Bola Ogunbo, a matsayin mataimakiyarsa a takarar shugaban ƙasa ta 1983, kodayake Allah Ya yi masa rasuwa a watan Afrilu kafin a yi zaɓen. Yau ki duba jam'iyyunmu, ki faɗa mini wadda za ki iya bambanta manufarta da ta 'yar'uwarta. Mutum ya kwana a wannan ya tashi a waccan. Ni ban yarda matan yanzu sun fi na da tsoro ba. Gidan da ya kamata ya riƙe su ne babu.

Maman_Sadiq_Jakara:
Yaya Bazazzagiya, ban yarda da cewa mata sun yi shiru ba. A farkon watan Fabrairu 2024 mata masu yin gurasa a Kano sun fito kan titi da kwalaye a hannu saboda farashin buhun fulawa ya ninka har sana'ar ta gagari da yawa daga cikinsu, kuma yawancinsu zawarawa ne da iyayen marayu waɗanda da wannan tanderun suke ciyar da gida. Bayan 'yan kwanaki kuma mata da matasa suka tare hanya a shataletalen Kpakungu a Minna saboda tsadar abinci, har 'yan sanda suka kama mutane, cikinsu akwai mata. Waɗannan matan ba su da ofis a Abuja, ba su da mai rubuta musu takardar manema labarai, amma sun fito. Idan ba a ƙirga su cikin masu gwagwarmaya ba, to sai a faɗa mana wa ake ƙirgawa.

Lauya_Rabi:
Ina goyon bayan Maman Sadiq, kuma zan ƙara da abin da ya faru a watan Maris 2022, domin na lura 'yan'uwa da yawa a Arewa ba su bi labarin ba. A ranar 1 ga watan, Majalisar Tarayya ta kaɗa ƙuri'a a kan ƙudirori 68 na gyaran kundin tsarin mulki, ta yi watsi da guda biyar da suka shafi mata. Akwai na ƙirƙiro kujeru na musamman 111 domin mata a majalisun biyu, akwai na ba mace damar bai wa mijinta ɗan wata ƙasa shaidar zama ɗan Najeriya kamar yadda namiji yake iya bai wa matarsa, akwai na ba matar aure damar zama 'yar asalin jihar mijinta bayan shekara biyar, sannan akwai biyu da suka shafi ware wa mata kaso a shugabancin jam'iyyu da naɗin muƙamai. Washegari mata suka yi dafifi a ƙofar Majalisa, suka yi kwanaki suna zuwa, har Majalisar Wakilai ta janye matsayinta a kan uku daga ciki a ranar 8 ga watan, ta ce za ta sake dubawa. Daga ƙarshe dai ba su shiga gyaran da aka sa wa hannu ba.

A watan Afrilun shekarar kuma Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukunci cewa wajibi ne gwamnati ta cika kashi 35 cikin 100 na naɗin muƙamai ga mata, kamar yadda manufar ƙasa kan daidaiton jinsi ta 2006 ta tanada, kuma ƙungiyoyin mata ne suka shigar da ƙarar. Ga shi a Majalisar Dattawa ta goma mata huɗu ne cikin sanatoci 109, a ta Wakilai kuma ba su kai 20 ba cikin 360. Wannan ma adawa ce da manufar gwamnati, sai dai ta bi ta kotu da zauren majalisa.

Dan_Talaka_Kurna:
Barista, da girmamawa, wannan gwagwarmayar da kika lissafa ba ta uwata ba ce. Uwata tana sayar da ƙuli-ƙuli, ba ta da miji ɗan ƙasar waje, ba ta neman kujerar sanata. Idan aka ƙara kujeru 111 a majalisar da talaka yake kuka da kuɗin da take ci, su wa za su zauna a kai? Matan gwamnoni ne da 'ya'yan ministoci da ƙannen shugabannin jam'iyya, domin su ne suke da kuɗin sayen fom da kuɗin daliget. Hajiya Gambo ta yi yaƙi a kan haraji da aikin tilas, abubuwan da suke taɓa fatar talaka kai tsaye. Matan gurasa su ne magadanta na gaskiya, ba masu taro a otal ba.

Yar_Damagaram:
Ina gaishe ku daga Nijar. Ina ganin abin da ya faru a wajenmu zai amfani muhawarar Barista da Ɗan Talaka, domin mu mun gwada abin da kuke gardama a kai. A 1991, lokacin da ake shirin Babban Taron Ƙasa, an kafa kwamitin share fage aka sa mace ɗaya tak a ciki. A ranar 13 ga Mayu dubban mata suka yi tattaki a Yamai har ofishin firaminista, suka ce ba za a tsara makomar ƙasa ba tare da su ba, kuma dole aka ƙara mata a kwamitin. Wannan ranar ce ta zama ranar matan Nijar da muke tunawa da ita kowace shekara. A shekarar 2000 aka yi dokar kaso, wadda ta tilasta kashi 10 cikin 100 a muƙaman zaɓe da kashi 25 a muƙaman naɗi, daga baya aka ɗaga na zaɓe zuwa 15, sannan a 2019 aka kai 25 da 30. Majalisar da aka zaɓa a 1999 mace ɗaya ce a cikinta, amma a zaɓen 2004 mata 14 suka shiga cikin 113.

To, shin Ɗan Talaka yana da gaskiya? Yana da rabinta. Da yawa daga cikin waɗanda suka shiga jerin 'yan takara shugabannin jam'iyya ne suka zaɓo su, kuma biyayyarsu ga wanda ya sa sunansu take. Kasancewarsu a zauren bai hana majalisa yin watsi da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata a 2006 ba. Amma a ƙananan hukumomi na ga bambanci da idona, inda mata kansiloli suka riƙa tayar da maganar rijiyar burtsatse da ɗakin haihuwa da injin niƙa, abubuwan da maza ba sa sa su a gaba saboda ba su ne suke tafiyar ɗiban ruwa ba. Kuma kada a manta, da ba a yi tattakin 1991 ba, da dokar ba ta zo ba. Titi ne ya buɗe ƙofar majalisa.

Abu_Hafsa:
Ina da tambaya ga Malam Inuwa. Na taɓa jin wani yana cewa matan Arewa sun fara zaɓe tun 1959 tare da kowa. Haka ne?

Malam_Inuwa_Fagge:
A'a ɗana, wanda ya faɗa maka ya haɗa Kudu da Arewa ne. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, amma a Jihar Arewa maza ne kaɗai, domin gwamnatin jam'iyyar NPC mai mulkin Arewa ta ce lokaci bai yi ba. Sai a 1976, ƙarƙashin mulkin soja, lokacin gyaran tsarin ƙananan hukumomi, aka ba matan Arewa wannan dama, sannan tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da ita. Ka ga ke nan Hajiya Gambo ta yi sama da shekara 20 tana neman abin da ita kanta ba ta da ikon yi.

Ustaz_Mai_Unguwa:
Assalamu alaikum. Ina so in yi magana a kan ɓangaren da ake yawan kauce masa, domin da zarar an ce gwagwarmayar mata sai wasu su ɗauka malamai ne abokan gaba. Addininmu bai hana mace faɗar gaskiya ga mai mulki ba, kuma a ƙasar nan tamu Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa tsarin 'Yan Taru, ta naɗa malamai mata da ake kira jaji suna bin ƙauyuka suna karantar da mata tun ƙarni na 19. Mace da ta fito ta ce yunwa ta ishe ta, ko asibitin garinsu babu magani, ko a dawo mata da 'yarta da aka sace, babu malamin kirki da zai ce ta yi laifi.

Inda muke samun saɓani shi ne idan aka kawo ƙudiri da ya taɓa abin da nassi ya riga ya yanke, kamar rabon gado. Wannan yana cikin dalilan da suka sa Majalisar Dattawa ta ƙi ƙudirin daidaiton jinsi na Sanata Biodun Olujimi a watan Maris 2016. Sannan jama'a suna da shakku a kan ƙungiyoyin da kuɗin tafiyarsu daga ƙasashen waje yake zuwa, domin mai ba da kuɗi yakan zaɓi abin da za a yi magana a kai. Ina ba 'yan'uwa mata shawara su raba waɗannan batutuwa biyu, za su ga masallatai sun tsaya tare da su.

Malama_Samaru:
Allah Ya gafarta Malam, na ji daɗin yadda ka shigo, amma akwai tarihin da ya kamata a sa a gaba kafin a ce komai daga waje yake zuwa. Ƙungiyar Women in Nigeria, wadda aka fi sani da WIN, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta samo asali, daga wani taro da aka yi a 1982, kuma matsayinta tun farko shi ne zaluncin da ake yi wa mace ba ya rabuwa da zaluncin da ake yi wa talaka. Maza ma suna cikinta. Da gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, aka karya darajar naira, aka rage kashe kuɗi a asibitoci da makarantu, WIN tana cikin waɗanda suka fito suka ce nauyin zai faɗa ne a kan mata, kuma haka aka yi. FOMWAN ma a Minna aka kafa ta a 1985, matan Musulmi ne suka haɗu da kansu, kuma makarantu da asibitocin da ta gina kowa yana gani.

Abin da nake so Bazazzagiya ta lura da shi, domin yana amsa tambayarta ta farko, shi ne abin da ya biyo baya. A 1987 aka ƙaddamar da shirin Better Life na Maryam Babangida, kuma tun daga lokacin harkar mata ta koma ƙarƙashin ofishin uwargidan shugaban ƙasa da na matan gwamnoni. Kowace gwamnati ta zo da nata shirin, da nata anko, da nata rabon keken ɗinki. Mace mai ƙwazo a unguwa, wadda a zamanin NEPU da ta zama mai tara jama'a a kan hukuma, sai aka jawo ta aka ba ta muƙamin jami'ar shirin a ƙaramar hukuma. Wanda yake karɓa daga hannun gwamnati da wuya ya ɗaga murya a kanta. Ni a nan nake ganin aka karya lagon tafiyar, ba da sanda ba, da kyauta.

Game da batun addini kuwa, mu tuna shari'ar Safiya Hussaini a Sakkwato da ta Amina Lawal a Katsina, waɗanda aka yanke wa hukuncin jifa bisa zargin zina. Lauyoyi mata irin su Hauwa Ibrahim da ƙungiyoyi irin su BAOBAB ba su je sun ce a soke Shari'a ba. Sun shiga kotunan ɗaukaka ƙara na Shari'a, aka kafa hujja da fiƙihun Malikiyya, aka wanke Safiya a 2002, aka wanke Amina a 2003. Matan gida ne suka nuna cewa talaka mace ma tana da haƙƙin a bi mata ƙa'idar shari'a yadda take.

Ustaz_Mai_Unguwa:
Malama, ba ni da ja a kan waɗannan shari'o'i biyu, domin alƙalan Musulunci ne suka yanke, kuma kare mutum daga haddi idan akwai shubuha umarni ne na addini. Maganata tana kan gado da makamantansa, kuma a nan ina nan a kan bakana.

Hauwa_Maiduguri:
Na yi mamaki har yanzu ba wanda ya ambaci Chibok. An sace 'yan mata 276 a daren 14 ga Afrilu 2014, gwamnati ta yi makonni tana jan ƙafa, har wasu na kusa da ita suna shakkar ko an yi satar ma. Mata ne suka hana a binne maganar. Hadiza Bala Usman, Oby Ezekwesili, Aisha Yesufu da sauransu suka yi tattaki a Abuja ranar 30 ga Afrilu, suka mayar da dandalin Unity Fountain wurin zama na kullum, kwamishinan 'yan sandan Abuja ya haramta taron a watan Yuni, aka je kotu, suka ci gaba. Mu da muke Borno a lokacin mun san abin da wannan ya yi mana, domin har lokacin muna ganin kamar sauran ƙasar ta manta da mu. Wannan tafiya ce da matan Arewa suke a sahun gaba, kuma ba kujera suka nema ba. Ɗan Talaka, wannan fa, ta uwarka ce ko ba tata ba ce?

Dan_Talaka_Kurna:
Hajiya Hauwa, wannan tata ce, domin 'ya'yan talakawa aka sace. Amma ki duba abin da ya faru bayan zaɓen 2015. Hadiza Bala Usman ta zama shugabar ma'aikatan gwamnan Kaduna, daga baya aka ba ta shugabancin hukumar tashoshin jiragen ruwa. Ba ina cewa ta yi laifi ba ne, amma wannan shi ne abin da Malama Samaru ta bayyana: da zarar murya ta yi ƙarfi sai gwamnati ta jawo ta ciki. Kuma an sake sace 'yan mata 110 a Dapchi a 2018.

Hauwa_Maiduguri:
To ai Aisha Yesufu da Oby Ezekwesili ba su shiga ba, kuma sun matsa wa gwamnatin Buhari kamar yadda suka matsa wa ta Jonathan, har aka riƙa tare su a hanyar fadar shugaban ƙasa. Abin da na lura da shi, kuma yana ci mini rai, shi ne mutanenmu da suka yi ta yabon Aisha lokacin da take sukar Jonathan su ne suka koma zaginta da ta fara sukar Buhari. Muna son mace mai gwagwarmaya ne idan wanda take adawa da shi ba namu ba ne. Sannan in mai ƙwazo ba za ta taɓa karɓar muƙami ba, wa zai aiwatar da abin da ake nema?

Inna_Talatu:
'Ya'yana, bari ni ma in sa baki, domin na taɓa neman kujerar kansila a mazaɓarmu. Na yi shekaru ina tara mata, ina bin gida-gida lokacin rajistar katin zaɓe, kuma babu akwatin da ba a san ni ba. Da na ce ni ma zan tsaya, sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Ana sa taron masu ruwa da tsaki bayan sallar isha'i a gidan wani babba, a kai tsakar dare, in na je a ce matar aure me take yi cikin maza a wannan lokaci, in ban je ba a yanke magana babu ni. An ba mata fom kyauta, amma kuɗin da ake kashewa kafin zaɓen fid da gwani ba na fom ba ne. Abin da ya fi ciwo shi ne sunan da aka riƙa kira na da shi, sunan da ba zan iya rubutawa a nan ba, har ya kai kunnen surukaina, aka tara ni aka ce in zaɓa tsakanin siyasa da zaman lafiyar gidana. Na janye.

Wannan sunan shi ne aka kira Hajiya Gambo da matan NEPU da shi, kuma har yau shi ne makamin farko. Ɗauri yana ƙarewa mutum ya fito, amma ɓata suna yana bin mace har kan 'ya'yanta mata ranar da za a nemi aurensu. Duk mai tambayar me ya sa matan Arewa ba sa fitowa, ya fara tambayar me yake cewa a majalisarsu ta ƙofar gida idan an ambaci wadda ta fito.

Malama_Samaru:
Inna, Allah Ya saka miki. Abin da kika faɗa ya sa nake so in kawo misalin Abekuta, tunda Hajiya Gambo da kanta ta yi tattaki ta je wurin Funmilayo Ransome-Kuti, jagorar matan garin, domin ta ga yadda suke aiki. Ƙungiyar matan Abekuta ta tara dubban mata, yawancinsu 'yan kasuwa ne marasa ilimin boko, suna biyan kuɗin ƙungiya daga aljihunsu, suna da lauya, suna da masu bin diddigin asusun hukuma. Da suka tashi a kan harajin da aka ɗora wa mata, sun yi ta zaman dirshan a ƙofar fadar Alake, wato sarkin garin, a 1947 da 1948, har aka soke harajin, Alake Ademola ya sauka daga karaga a farkon 1949. Ba za a iya ɓata sunan mace dubu goma a rana ɗaya ba, shi ya sa makamin da aka yi wa Inna amfani da shi bai yi aiki a kansu ba. Mu ma muna da inda mata suke haɗuwa kowane mako da kuɗinsu da shugabanninsu: adashi, makarantun Islamiyya na matan aure, ƙungiyoyin masu sana'a. Abin da ba a yi ba shi ne a haɗa waɗannan da masu ilimin doka da kasafin kuɗi irin su Barista Rabi.

Bazazzagiya_Tudunwada:
Na gode wa kowa. Na karanta duka, kuma misalan gurasa da Minna da Chibok da ƙofar Majalisa sun nuna mata suna fitowa. Amma ku duba da kyau, kowace fitowa ta tashi ne a kan wani ciwo guda, ta yi kwanaki ko watanni, sannan ta watse. Matan gurasa sun koma tanderunsu farashin fulawa bai dawo ba. Matan ƙofar Majalisa ba su je Minna ba lokacin da aka kama 'yan'uwansu, matan Minna kuma wataƙila ba su ma ji labarin ƙudirori biyar ɗin ba. Ko a watan Nuwamba 2024, da aka gurfanar da yaran da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta a kotun Abuja, wasunsu suna faɗuwa saboda yunwa, hoton bidiyon ne ya tayar da hankalin ƙasa har shugaban ƙasa ya ce a sake su, alhali iyayensu mata sun yi wata uku suna kuka a Kano da Kaduna babu ƙungiyar da ta tattara su. Wannan shi ne abin da nake nufi da rashin tafiya. Malam Inuwa ya ce babu gida. Tambayata yanzu ita ce, jam'iyya ce za ta zama gidan, ko ƙungiya ce da ba ruwanta da takara?

Malam_Inuwa_Fagge:
Ni dai jam'iyya na sani, domin ƙungiya tana iya hana gwamnati yin abu, amma soke haraji sai da muka kama mulki.

Yar_Damagaram:
Baba, mu kuma a 1991 ƙungiyoyi ne suka yi, daga jam'iyyu daban-daban da ƙungiyoyin ƙwadago, kuma da kowace ta tsaya a jam'iyyarta da ba a taru ba. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 an rushe majalisa, an dakatar da jam'iyyu, kaso ya tafi da su, amma ƙungiyoyin mata na unguwanni suna nan suna haɗuwa.

Maman_Sadiq_Jakara:
Ni tambayata ga Barista ce, domin abin da yake hana yawancinmu fita shi ne tsoron kamu. Ana ce mana sai an sami izinin 'yan sanda kafin a taru, in ba haka ba an karya doka. Gaskiya ne?

Lauya_Rabi:
Ba gaskiya ba ne, Maman Sadiq. Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin taruwa cikin lumana, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Sufeto Janar na 'yan sanda da jam'iyyar ANPP, ta yanke cewa sharaɗin neman izinin 'yan sanda kafin taro ya saɓa wa tsarin mulki. Dokar 'yan sanda ta 2020 ma aikin ba da tsaro ga masu taro ta ɗora musu. Abin da nake ba ƙungiyoyi shawara shi ne su rubuta takardar sanarwa, ba ta neman izini ba, su kai ofishin 'yan sanda na yankin, a buga musu hatimin karɓa a kwafinsu, su faɗi rana da wuri da hanyar da za su bi. Su guji tare babbar hanya ko ƙona taya, domin a nan ake samun abin da za a tuhume su da shi, su naɗa matan da za su kula da sahu don kada 'yan daba su shiga cikinsu, kuma tun kafin a fita a rubuta sunan duk wadda za ta je, a bar takardar a hannun wadda za ta zauna a gida tare da lambar lauya. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne a doka, kuma mace tana da ikon tsaya wa wani beli, kada wani ya ce sai an kawo namiji.